Kafin A Sake Sayen Batir: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Game Da Cajin Tsohon Babur

Uwargida, idan akwai babur a gidanku da ya kwana biyu ana hawansa, to kin san maganar nan ta "batir ya mutu". Ana faɗinta da safe lokacin kai yara makaranta, ana faɗinta ranar da za a kai shinkafa inji, wani lokacin kuma da tsakar dare, lokacin da aka fi buƙatar fitila. Sai a haɗa kuɗi a sayo sabo. Bayan wata biyu ko uku, sabon ma ya bi sahun tsohon. Sau da yawa kuɗin daga cefane ake yanko shi, ko daga adashin da kika ɗauka.

A mafi yawan irin wannan, batirin bai yi laifin komai ba. Akwai wani abu a jikin babur da ya daina ciyar da shi, ko yake ɗura masa wuta fiye da kima, ko yake zuƙe shi cikin dare. Muddin ba a gano wannan abu ba, ko batir goma aka saya duk hanya ɗaya za su bi. Ba sai kin riƙe sifana kafin ki fahimci wannan ba. Idan kin san yadda abin yake aiki, kin san tambayoyin da za a yi wa bakanike, kin kare kuɗin gida, kin kuma kare wanda ke hawa babur ɗin da dare.

Me ya sa abin ya fi damun mutanen yankin Haɗejia?

A ƙasar Haɗejia babur shi ne motar gida. Da shi ake zuwa fadama a Auyo, da shi ake ɗauko kifi daga ƙauyukan Guri da Kirikasamma zuwa kasuwar kifi ta Haɗejia, da shi ake kai riɗi kasuwa a Malam Madori, da shi ake kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Shi ya sa tsoffin Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, suke ta shan lallaɓa shekara bayan shekara.

Yankin kuma yana da abubuwa uku da wayoyin babur ba sa so. Na farko ruwa. Kogin Haɗejia, wanda ruwan kogin Kano da na Challawa ke haɗuwa su zubo masa, yakan cika ya malala a watannin Agusta da Satumba, kuma ba wanda ya manta da ambaliyar 2022, lokacin da mutanen gari suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, babur yana ratsa kududdufi da laka, wani lokaci har a ɗora shi a kwalekwale. Na biyu zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin yakan haura digiri 40, wannan kuwa yana ƙafar da ruwan batir, yana gasa robar wayoyi. Na uku girgiza da ƙura a hanyoyin da ba kwalta, waɗanda ke sassauta duk wani noti da mahaɗar waya.

Yadda wutar babur take tafiya

Ki ɗauki misalin ban-ruwa, tunda kowa a wannan yanki ya san shi. Akwai injin da ke jawo ruwa, akwai ƙofar da ke daidaita yawan ruwan da zai shiga, akwai magudana, akwai kuma tankin ajiya.

Injin da ke jawo ruwan shi ne koyil. Yana cikin murfin inji ta gefen hagu, wayar tagulla ce da aka naɗe, ga kuma wani faifai mai maganaɗisu yana juyawa a kewayensa. Duk lokacin da inji ke aiki, juyawar nan tana haifar da wuta. Idan an ƙara wuta a totur, wutar koyil ma ta ƙaru.

Ƙofar daidaitawa ita ce rektifaya, wasu masu gyara suna ce mata regileta. Ƙaramin ƙarfe ne mai zara-zaran haƙarƙari a jikinsa don shan iska, ana ɗaure shi a jikin firam, yawanci ƙarƙashin tanki ko kujera. Aikinsa biyu ne. Wutar da koyil ke bayarwa mai kai da komowa ce, batir kuwa ba ya karɓar sai wadda ke tafiya hanya ɗaya, to rektifaya ce ke miƙar da ita. Sannan tana hana wutar wuce iyaka idan an ja totur.

Tankin ajiya shi ne batir. Shi ba ya ƙirƙirar wuta, abin da aka zuba masa yake ajiyewa. Batirin irin waɗannan babura ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da na mota, don haka ba ya jimre yunwa. Magudanan kuma su ne wayoyi da fiyus da mahaɗai. Kamar yadda ciyawar kachalla ke toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejia har ruwa ya kasa isa gona, haka tsatsa ke toshe mahaɗar waya har wuta ta kasa isa batir, alhali koyil da rektifaya lafiyarsu ƙalau.

Akwai abu ɗaya da ke sa maza su yi sakaci da matsalar. A yawancin waɗannan babura, wutar da ke tayar da inji tana fitowa ne kai-tsaye daga wani ɓangare na koyil, ba ta bi ta batir. Saboda haka ko batir ya mutu murus, da an buga kik sai babur ya tashi. Sai a ce ai yana tafiya. Yana tafiya kam, amma ba hon, ba sigina, wani lokaci ba fitilar birki, a kan hanyar da manyan motoci ke bi.

Alamomin da za ki iya lura da su daga tsakar gida

Kunnenki da idonki sun isa su gano abubuwa da yawa tun kafin a je gareji.

Idan hon ya koma kamar kukan ɗan akuya mai mura, sigina tana kamawa ba ta ƙiftawa, sitata kuma tana yin ƙas-ƙas ba ta juya inji, batir ba shi da isasshiyar wuta. Wannan bai faɗa miki dalili ba tukuna, amma ya ce a bincika.

Idan ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, an sa sabo yau, mako mai zuwa ya mutu, musamman bayan doguwar tafiya da gudu, to wuta ce ke wuce iyaka. Rektifaya ake zargi, ko wayar da ke haɗa ta da jikin babur. Haka nan idan batir yana zafi, ya kumbura, ruwansa yana ƙafewa da wuri, ko ana jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai kusa da shi. Wannan alama ce da ba a kwana da ita, domin batirin da ake dafawa haka yana iya fashewa.

Idan an dawo da yamma komai lafiya, da safe kuma batir ya wayi gari babu komai, ko dai batirin ya tsufa ba ya riƙe caji, ko akwai abin da ke shan wuta bayan an cire makulli.

Idan kuma an kai batir caji ya yi kwana biyu ko uku yana aiki sannan ya sake kwanciya, to babur ɗin ba ya caji ke nan. Ana cin ajiya ne kawai ba a mayarwa.

Game da fitilar gaba, a tsoffin babura da yawa daga koyil take shan wuta kai-tsaye, shi ya sa take ɗan dusashewa idan an tsaya, ta yi haske idan an ja totur. Kaɗan daga wannan ba matsala ba ce. Amma idan ta koma ja kamar aci-balbal ko ana tafiya, a duba.

Binciken da ba ya cin ko sisi

Kafin a kashe kuɗi, maigida ko babban ɗanki zai iya duba waɗannan cikin minti goma, da babur a kashe, an cire makulli.

A buɗe murfin gefe a kalli kawunan batir. Notinsu a ɗaure yake? Akwai farin gari ko kore a kansu? Wannan garin yana hana wuta wucewa. A fara kwance wayar da ke gefen alamar ragi, sannan ta gefen alamar tarawa. A goge kawunan da tsohon buroshi da ɗan ruwan kanwa mai ɗumi, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batirin, domin kanwa tana kashe ruwan batir. A bari ya bushe, a mayar da ta tarawa, sannan ta ragi a ƙarshe, a shafa ɗan man basilin a kai don hana tsatsa dawowa.

A duba fiyus, yana nan kusa da batir a kan jar waya. Idan ya ƙone, batir ba zai samu caji ba ko kaɗan. A sa sabo mai lamba daidai da ta tsohon. Abin da wasu ke yi na naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari haɗari ne babba. Fiyus an yi shi ne don ya ƙone a madadin babur. Idan aka hana shi ƙonewa, wayoyi ne za su kama, kuma tankin fetur yana samansu, babur ɗin kuma a soro ko tsakar gida yake kwana. Idan sabon fiyus ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, sai an nemo ta.

A bi wayoyin da suka fito daga murfin inji na hagu har zuwa mahaɗarsu. Idan robar mahaɗar ta narke, ta yi baƙi, ko ƙarfen ciki ya yi kore, a nan wuta take tsayawa. A duba mahaɗar rektifaya ma. A gidajen da ake ajiye buhunan shinkafa da gero kusa da babur, ɓeraye sukan ci robar waya a ƙarƙashin kujera, don haka a ɗaga kujerar a gani.

Idan batirin mai ruwa ne, wanda ake ganin layuka biyu a jikinsa, a tabbata ruwan yana tsakanin layukan. Idan ya sauka, tataccen ruwan da ake sayarwa don batir za a ƙara. Ba ruwan rijiya ba, ba na burtsatse ba, ba kuma sabon asid ba, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Batirin da aka rufe ruf tun daga kamfani kuwa ba a buɗe shi.

Lambobi uku da za ki riƙe a wayarki

Duk mai gyaran wayar da ya san aikinsa yana da ƙaramar mita ta awon wuta. Da ita ake raba gardama, kuma awon ba ya wuce minti biyar. Sharaɗi ɗaya ne: a fara cika batirin da caji, domin batirin da ya kwanta yana ruɗa awo. Ƙarfin wuta da bolt ake auna shi, batirin yawancin babura kuma na bolt 12 ne.

Awo na farko, babur a kashe, bayan ya huta aƙalla awa ɗaya. Lafiyayyen batir mai cikakken caji zai nuna tsakanin 12.4 da 12.8. Idan an cika shi amma ya sauka ƙasa da 12 bayan ya huta, ya gaji.

Awo na biyu, lokacin da ake danna sitata. Lambar za ta sauka, amma bai kamata ta faɗi ƙasa da wajen 9.5 ba. Idan ta rufta zuwa 6 ko 7, batirin ba shi da ƙarfi ko da ya nuna 12 a zaune.

Awo na uku shi ne mafi muhimmanci. A tayar da inji, a ja totur zuwa matsakaici a riƙe, mita tana kan kawunan batir. Lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya ba ta motsa, ko tana sauka, babur ba ya caji. Idan ta haura 15 tana ci gaba da hawa, rektifaya ta daina tsare ƙofa, kuma ita ce ke ƙona ƙwai da dafa batir.

Tsoffin babura na da can, irin Honda CG125 na farko-farko da aka fara ƙerawa a 1975, na bolt 6 ne. Idan irinsu ne a gidanku, sai a raba waɗannan lambobi biyu.

Idan ba za ki je garejin da kanki ba, ki ce wa wanda zai kai babur ɗin ya ɗauki hoton mitar a awo na uku ya turo miki ta WhatsApp. Mai gyaran kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Idan an tabbatar ba ya caji: koyil ne ko rektifaya?

Nan ne kuɗi ke yawan zurarewa, domin wasu masu gyara canje-canje suke yi har a dace. A sa sabuwar rektifaya, bai yi ba, a sa koyil, bai yi ba, a ce batir ne. Duk kai ne kake biya. Tsarin da ya dace shi ne a bi wutar daga tushenta.

A cire mahaɗar koyil, a juya mita zuwa wajen da aka rubuta AC, a tayar da inji. Lafiyayyen koyil zai nuna wuta tun inji yana zaune, idan aka ja totur kuma lambar ta hau sosai, ta wuce ta batir nesa. Idan ba ta hawa, ko babu komai, koyil ya ƙone ko wayarsa ta tsinke. Idan aka buɗe murfin, ƙonannen koyil yakan yi baƙi, yana warin ƙonanniyar roba. A babura masu wayoyi rawaya guda uku daga koyil, dole awon tsakanin kowane biyu ya zo kusan daidai.

Idan koyil yana bayarwa yadda ya kamata, wayoyi da fiyus lafiya, amma wuta ba ta isa batir, sai a kama rektifaya. Ko a nan ma a fara duba wayar da ke haɗa ta da jikin babur. A tsarin Honda da baburan Sin da suka kwaikwaye shi, koriyar waya ce ke wannan aiki, ja kuma ita ke zuwa batir, amma launukan sukan bambanta a wasu kamfanoni. Tsatsa a wurin da aka ɗaure wannan waya kaɗai tana iya sa lafiyayyar rektifaya ta yi kamar ta lalace.

Wajen sayen sabuwa, a tafi da tsohuwar kasuwa. Akwai mai ƙafa huɗu, akwai mai biyar, kuma biyu suna iya yin kama a ido alhali cikinsu daban. Wadda ba ta dace ba tana iya ƙona ƙwai ko ta ƙi caji. A ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe inda iska ke bugawa. Wadda aka bari tana lilo, ko aka naɗe da leda don gudun ruwa, zafi zai kashe ta da wuri.

Koyil kuwa, akwai masu sake naɗa shi da hannu. Idan gwani ne ya yi, da waya mai kaurin ta asali da adadin naɗi daidai, yana aiki. Idan an yi shi da ka, sai ya ba da wuta ƙasa da kima ko ya sake ƙonewa. A tambayi mai gyaran ko zai tsaya wa aikinsa na wani lokaci. A baburan da koyil ɗinsu ke cikin baƙin mai, a sa sabon gasket idan an buɗe murfin, don kada a gyara wuta a dawo da yoyon mai. Duk wayar da aka haɗa kuma a yi mata dalma a rufe da kyau. Murɗa wayoyi biyu da hannu a naɗe da salatif ba ya kai damina ɗaya.

Ɓarawon dare

Idan awo na uku ya yi kyau amma batir yana kwana ya mutu, a nemi abin da ke sha. Yanzu kusan kowane babur an ƙara masa wani abu: wurin cajin waya, fitilu masu walƙiya, rediyo mai lasifika, ƙararrawar ɓarayi. Idan an haɗa su kai-tsaye da batir ba ta bayan makulli ba, suna shan wuta dare da rana. Koyil ɗin ƙaramin babur kuma an yi shi ne daidai buƙatar fitila da hon da sigina, rarar da yake da ita kaɗan ce.

Gwajin mai sauƙi ne. A cire makulli, a kwance wayar ragi, a sa mita ko ƙaramin ƙwan sigina tsakanin wayar da kan batir. Idan ƙwan ya kama, akwai mai sha. Sai a riƙa cire abubuwan ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. Wani lokaci rektifayar ce da kanta ke mayar da wuta baya idan cikinta ya lalace.

Yanayin hawa ma yana da tasiri. Babur ɗin da ba ya wuce daga gida zuwa masallaci da bakin kasuwa, ana ta danna sitata, ba ya samun lokacin mayar da abin da ya kashe. Buga kik da safe yana rage wa batir nauyi.

Abubuwa uku da za a hana a yi wa babur ɗinku

Wasu suna cire wayar batir inji yana aiki, wai don su ga ko yana caji. Wannan yana sa wuta ta yi tsalle ta ƙona rektifaya ko ƙwai, kuma a babur ɗin da ke tashi ba batir gwajin ba ya nuna komai. Wasu suna goga waya a jikin ƙarfe su ga tartsatsi, kusa da fetur. Wasu kuma suna ɗora ƙaramin batirin babur a kan babbar cajar batirin mota don a gama da wuri. Ƙa'idar ita ce a yi masa caji a hankali, da kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa, na tsawon sa'o'i. Cajin gaggawa yana rage masa kwana.

Idan babur ya sha ruwa

Idan ruwa ya haura inji, ko babur ya faɗi a kududdufi ya mutu, kada a yi ta buga kik. Ruwan da ya shiga cikin inji yana iya lanƙwasa ƙarfe, gyaran da ya fi na waya tsada nesa ba kusa ba. A cire batir, a tura babur ɗin zuwa wurin gyara. A duba baƙin mai: idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. A cire fulogi, a duba matatar iska, a buɗe duk mahaɗan waya a wanke laka, a shanya su su bushe sarai kafin a mayar. Lakar da aka bari a cikin mahaɗa tana riƙe danshi, bayan wata ɗaya ko biyu sai matsalar caji ta ɓullo, an riga an manta da ranar da aka ratsa ruwan.

Idan hanya ta yanke aka ajiye babur na makonni, a cire batirin a ɗora shi a wuri mai tudu da inuwa, a riƙa kai shi caji kamar sau ɗaya a wata. Batirin da aka bari ya kwanta ba caji na dogon lokaci ba ya dawowa daidai.

Yara da tsohon batir

Wannan ɓangaren naki ne kai-tsaye, uwargida. A cikin batir akwai asid mai ƙuna da kuma dalma. Dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ko kaɗan ce. Ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar.

Kada a bar mataccen batir a tsakar gida yara su mayar da shi mota ko kujera. Kada a fasa shi a gida, kada a narka dalmarsa a murhu don yin nauyin ragar kamun kifi, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda kaji ke kiwo. A mayar wa mai sayar da batir, yawanci ma suna saye ko su rage kuɗin sabo. Idan ruwan batir ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti, musamman idan ido ne. Ba a cajin batir a rufaffen ɗaki ko kusa da murhu, domin yana fitar da iska mai kama wuta. Haka kuma ba a barin babur yana aiki a cikin rufaffen soro, hayaƙinsa yana kisa.

Idan babur ɗin naki ne

Mata da yawa sun sayi babur da kuɗin adashi ko na gado sun ba ɗan acaɓa yana kawo balas. Idan kina cikinsu, ki sami ɗan littafi ko ki rubuta a wayarki ranar da aka sayi batir, da ranar da aka canja rektifaya ko koyil, da kuɗin da aka biya. Ki ce a riƙa dawo miki da duk abin da aka cire. Batirin kirki a babur mai caji daidai ya kamata ya wuce shekara. Idan an zo miki da maganar batir sau biyu cikin wata shida, ba sai an yi rigima ba, ki ce a kai a auna caji tukuna a turo miki lambar. Sau da yawa yaron ma bai san inda matsalar take ba.

Idan kuma na maigida ne, kin fi kowa sanin lokacin da ake faɗa masa magana ya ji. Abin da za ki roƙa ƙarami ne: "Baban yara, don Allah kafin a sayi wani batirin, a sa mita a ga ko mashin ɗin yana caji." Ga tambayoyi huɗu da za a yi wa mai gyara: Nawa batir ya nuna a kashe? Nawa ya nuna da aka ja totur? An auna koyil kafin a ce rektifaya ce? An duba ko akwai abin da ke shan wuta bayan an cire makulli? Wanda ya amsa waɗannan da lambobi, a ba shi aikin. Wanda ya ce shi da ido yake ganewa, a gode masa a gwada wani.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan bincike shi ne watan Mayu ko farkon Yuni, bayan zafi ya gama gasa batir, kafin ruwa ya sauka sosai. Idan akwai mai juna biyu a gidan da watanta ya kusa, ko tsoho mai jinya, kada a jira wata. A daren yau, kafin a shigo da babur, ki ce a kunna fitila, a danna hon, a gwada sigina ta hagu da ta dama, a taka birki ki tsaya a baya ki ga ko jar fitilar ta kama. Duk wanda bai yi ba a cikinsu, gobe a kai shi awo.

Allah Ya tsare mana masu fita nema, Ya dawo mana da su gida lafiya.